Modem a Taga, Mai Ƙaho a Bango

A gidan da muke haya a unguwar Derrière la Prison ta Libreville, taga ɗaya ce rezon waya, wato sabis, ya sani, tagar falo mai kallon lungu. Ka matsa daga gabanta kaɗan, sandunan da ke goshin wayarka su fara zubewa. Ka kai tsakar gida, sai ka ce ka faɗa rijiya. Wanda ya gina gidan bai yi wa siminti rowa ba, ga kwanon rufin maƙwabta ya yi mana rumfa ta kowane gefe. Mun daɗe a haka ba wanda ya damu. Mai son waya ya je taga ya tsaya, ya gama ya ba wani wuri.

Ɗakin Inna, mahaifiyata, shi ne na can ƙurya, bayan tsakar gida. Na ɗauko ta daga Garoua bayan rasuwar mahaifinmu, ta zo da tabarmarta da butarta da wata babbar kwalla mai murfi wadda aka yi mata jere da ita tun aurenta. Ni ne ɗanta na fari, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Mutumin nan" nake. Da safe in durƙusa a bakin ƙofarta in gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri. In tana da magana da ni, maiɗakina take gaya wa, ko da ina tsaye a wurin. Ni ma in ina da tambaya, ta can nake bi. Yarana da aka haifa a nan Libreville dariya abin yake ba su, ni kuwa ban san wata uwa ba sai wannan.

Wata ranar Juma'a aka kira ni daga Garoua. 'Yar Yafendo ce, wato 'yar ƙanwar Inna. Ta ce, "Yaya, Mama ta faɗi. Ɓarin jikinta ya shanye, baki ya karkace, magana ba ta fita. Amma tana gane mutane."

Su biyu suka rage a ɗakinsu, Inna da Yafendo. A da sukan yi waya jefi-jefi, Inna ta tsaya a tagar falo in ba kowa, su yi ta Fulatancinsu. Yanzu murya ba ta da amfani, tunda ɗaya ba ta iya magana. Sai dai fuska. Tafiya kuwa ba ta taso ba, gwiwoyin Inna ba za su kai ta ba, ga takardunta ba su gama fitowa ba. 'Yar Yafendo ta ce ita ce mai babbar waya a gidan, kuma da hantsi kawai take samun zuwa kafin ta wuce wurin aiki. Bayan Azahar ma magani yakan kwantar da mara lafiyar har gobe. To, da hantsi ni ina kasuwar Mont-Bouët ina fama da masu taya takalma, maiɗakina tana shagon ɗinki a Angondjé, yara suna makaranta. Inna kaɗai ce a gida.

Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Na sayo wa Inna waya mai nuna fuska, na sayo modem na aljihu, ɗan abu kamar sabulun wanka mai ba da intanet, na zuba masa forfe, wato kuɗin data, na ɗora shi a tagar falo na maƙala masa caja. A falo ya yi aiki kamar ba gobe. A tsakar gida ya fara nishi. A ƙofar Inna ya mutu murus.

Maiɗakina ta ce, "Inna, ai sai ki riƙa fitowa falo, tunda ba kowa."

Inna ta ce, "In zauna a kujerar mutumin nan ina kuka? A'a, 'yar nan. A bar shi kawai."

Ba a bar shi ba. Na koma layin masu kayan waya, wurin wani mutumin Maroua da muke sallah masallaci ɗaya. Ya saurare ni, ya jawo kwali ya fito da wani farin abu mai ƙahoni biyu kamar na ɗan akuya. Ya ce sunansa repetar, aikinsa ya karɓi wifi daga modem ya ƙara tura shi gaba. Ni dai tun ranar mai ƙaho nake ce masa.

Ya ce, "Alhaji, wannan ba ya buƙatar ilimi. Ka danna buton nan na jikinsa, ka danna irinsa a jikin modem, su gaisa. Shi ke nan."

Ranar Lahadi bayan Azahar na zauna a falo, na soka mai ƙaho a soket, na danna butonsa. Na juya modem gaba da baya ina neman ɗan'uwan buton. Babu. Buton ɗaya ne a jikinsa, na danna shi, modem ya kashe kansa. Na buɗe takardar da ke cikin kwalin, an rubuta ta da harsuna kamar taron Arfa, da baƙaƙe ƙanana kamar ƙwan tururuwa. Faransancina na kasuwa ne, na ciniki da faɗa da direban taksi. Wannan Faransancin ban taɓa haɗuwa da shi ba.

Na kira mutumin Maroua. Ya ce, "A, naka ba mai buton ba ne. To shiga wifi na wayarka, za ka ga sunan repetar, ka shiga cikinsa."

Na shiga. Waya ta ce babu intanet.

"Haka ake so," in ji shi.

"Haka ake so? Na ba ka kuɗina don a ce mini babu intanet?"

"Alhaji, yi haƙuri. Buɗe inda kake bincike, ka rubuta lambobin da zan faɗa maka, da ɗigo a tsakaninsu."

Na rubuta, wani shafi ya buɗe ya ce in ba shi kod, wato lambar sirri. Wane kod? Akwai kod a jikin mai ƙaho, akwai kod a ƙarƙashin batirin modem, ga kuma wani da shafin yake so in ƙirƙiro da kaina, in sake maimaita shi. Na sa na farko ya ƙi, na sa na biyu ya ƙi, na ƙirƙiro na uku na manta shi kafin in maimaita. Gumi ya jiƙa mini riga. Maiɗakina tana gefe tana tsintar shinkafa, ta ce, "Malam, ko a kira maka yaran?" Na yi mata kallon da ya sa ta koma kan shinkafarta tana murmushi.

Da ƙyar shafin ya yarda da ni, ya jero mini sunayen wifi na unguwa kaf, har da na wata mashaya da ke bayan layinmu. Na modem ɗina kaɗai ne babu, alhali ga shi nan a gabansa, hannu zai iya taɓa su tare. Na sake kira. Mutumin Maroua ya yi tsaki ya ce ya manta, modem ɗin hanya biyu yake magana, akwai ta biyar akwai ta biyu da ɗigo huɗu, shi kuwa mai ƙaho ta biyun kawai yake ji. Na ce biyar ɗin me? Ya ce in bar wannan, in shiga cikin modem in sauya. Wato wani shafin, wasu lambobin, wani kod ɗin. Har yau ban san biyar ɗin me ba ne.

Ana kiran La'asar sunan ya fito. Na danna, na sa kod ɗin ƙarƙashin batiri, fitilar mai ƙaho ta yi ta ƙifta ido ja, ja, ja, sannan ta tsaya kore. Na zare shi na kai soket ɗin da ke bakin tsakar gida, rabin hanya tsakanin taga da ɗakin Inna, kamar yadda aka ce mini. Ya sake ƙifce-ƙifcensa ya koma kore. Maiɗakina ta shiga ɗakin Inna da sabuwar wayar, ta leƙo ta ce, "Ya cika fal!"

Daɗi ya kwashe ni, na tara yara na yi huɗuba da muryar da har maƙwabta sun ji. Na nuna modem na ce wannan ɗan abin da kuke gani tsadarsa ta fi ƙarfin wasa, duk wanda na ga hannunsa a kai sai na saɓa masa. Maiɗakina ta ce ai ba yara ne abin tsoro ba, ko makon jiya an zura sanda ta tagar matar gidan da ke kallon namu an ɗauke mata waya tana wanka. Na ce Allah ya tsare, na wuce. Sannan na ce, "Ki gaya wa Inna, wancan mai ƙaho na bango shi ne nata. In fitilarsa kore ce, waya za ta yi ƙara, sai ta ja koren da ke kan gilashin." Inna tana zaune a bakin ƙofarta tana jan carbi, ta ji komai.

Litinin na tafi kasuwa ina jin kaina kamar injiniya. Da hantsi saƙo ya shigo daga Garoua: "Yaya, na kira har na gaji, ba ya shiga." Da yamma na dawo a fusace, na tarar da modem a taga, mai ƙaho a bango, fitila kore shar. Na kira wayar Inna daga falo, ta yi ƙara a ɗakinta.

Maiɗakina ta ce, "Inna ta ce a gaya maka, tun fitarka fitilar ta yi ja, ba ta koma kore ba sai dab da dawowar yara."

Na ce ƙila wuta aka ɗauke. Ta ce in an ɗauke wuta ina fitila za ta samu jan da za ta yi? Na ce ta kawo mini abinci.

Talata haka. Laraba haka. Kullum da hantsi saƙo ɗaya, kullum da yamma fitila kore tana kallona kamar ba ita ba. Na koma wurin mutumin Maroua. Ya ce modem ɗin barci yake yi in ya ji shiru, a shiga a hana shi barci. Muka shiga muka hana shi. Washegari ja. Ya ce to maƙwabta ne suke shan wifi ɗin, a sauya kod. Muka sauya, wanda ya sa sai da na sake ɗaura auren modem da mai ƙaho tun daga farko, da lambobinsu da ɗigonsu. Washegari ja. Ya ce ko forfe ne ya ƙare. Na duba, ko rabi ba a ci ba. Ya ce ko damina ce, hadari yana danne rezo. Na ce hadarin da yake zuwa da fitata ya tafi da dawowata?

Na kai masa kayansa na dangwarar a kan tebur, na ce ya ba ni wani, ya sayar mini da gawa. Muka yi cacar baki har 'yan layi suka taru, wani dattijo ya raba mu ya ce mu ji kunyar masallacin da muke haɗuwa. Mutumin Maroua ya ba ni sabo, kuma don ya wanke kansa ya biyo ni gida bayan an tashi kasuwa, ya haɗa da hannunsa. Ya zagaya tsakar gida da waya a sama, ya tsaya daga nesa ya gaida Inna, ya dawo ya ce, "Alhaji, wannan ya fi ni lafiya." Ya ɗauki modem ya juya shi, ya shinshina, ya ce, "Kai, har turare kuke yi masa?" Na karɓa na shinshina, ƙanshin turaren wuta da sandal. Na ce gidan ne duk haka yake. Ya ce batirin dai ya yi ƙasa, ga shi da ɗumi, in riƙa tabbatar da caja ta shiga da kyau. Na ce ai kullum a maƙale take.

Na sa maiɗakina ta tambayi Inna, cikin ladabi, ko tana taɓa mai ƙaho in tana shara. Amsa ta dawo da zafinta: "Ki ce wa mutumin nan ko inuwarsa ban taɓa takawa ba. Abin da aka ce nawa ne, zan lalata shi?" Na ji kunya, na ce a ba ta haƙuri.

Sai na yanke shawarar kama ɓarawon da idona. Na bar shago a rufe wata safiya, na ɗauko kujera na zauna a tsakar gida ina fuskantar mai ƙaho kamar mai gadin banki. Kowa ya fita. Inna ta leƙo, ta gan ni, ta koma. Fitila kore. Rana ta ɗaga, fitila kore. Da hantsi waya ta yi ƙara a ɗakin Inna, na ji ta ce "Bismillahi", sai kuma na ji ta kira ƙanwarta da sunan da take kiranta tun suna yara. Na tashi na koma falo don kada in ji abin da ba nawa ba. Ranar Inna ta ci abinci har ta nemi ƙari.

Washegari na tafi kasuwa. Ja.

Maiɗakina ta ce, "Malam, abin nan tsoronka yake ji. Ka bar masa hularka a kan kujera ko zai ɗauka kana nan." Dariya take, ni kuwa abin ya daina ba ni dariya. Kaina ya kulle. Ina tsaye a shago mai saye yana tambayar lamba arba'in, ni ina miƙa masa ƙafar hagu biyu. Wani abokin sallata ya ce ruwa ba ya tsami banza, abin da yake aiki a gabanka ya ƙi a bayanka, sai a duba. Ba zan ɓoye ba, da asuba na tsaya a gaban mai ƙaho na karanta Ayatul Kursiyyu na tofa masa a tsakanin ƙahonin. Bai hana shi yin ja ba.

Ba zan iya rufe shago kullum ba, bakuna da yawa suna jiran abin da ke fitowa daga cikinsa. Na ƙara zama sau ɗaya, ya yi aiki, na fita, ya ƙi. Saƙonnin Garoua kuwa suka fara gajarta. "Yaya, jikin yana ƙara yin ƙasa." "Yaya, in na shigo wayar take kallo, ba ni ba." A gida Inna ta daina aiko da ƙorafi. Da safe in na durƙusa gaisuwa, sai in ga wayar a kan cinyarta ta riga ta goge gilashin da bakin zaninta. Wannan ya fi ƙorafin ci mini rai. Na ji tsoro sosai, tsoron kada matar nan ta tafi, yayarta tana zaune da waya a cinya, saboda ni na kasa gane kan wani abu mai ƙaho.

Ranar da abin ya warware, ruwa aka wayi gari da shi, irin na Libreville da ba ya sallama. Kafin hantsi kwata ta cika ta fara shigowa layinmu a Mont-Bouët, muka hau kwashe kaya muna ɗorawa sama. Ina cikin haka saƙo ya shigo: "Yaya, in da hali yau. Don Allah yau." Na ja ƙofar shago na rufe, na tsaya a ruwa ina tare taksi, duk wanda ya tsaya ya ji unguwarmu sai ya girgiza kai. Da na samu, a bakin titi ya sauke ni, na ƙarasa da ƙafa, ruwa har ƙwauri.

Na buɗe ƙofar falo, idona ya sauka a taga. Wayam. Igiyar caja tana lilo, babu modem.

Na ƙwalla ihu. "Ɓarawo! An sace! Wallahi an zura sanda!" Na leƙa lungu ba kowa sai ruwa. Na dawo ina ɗaga kujeru, ina zagin unguwar da wanda ya kawo ni cikinta. Ga mai ƙaho can a bango, ja wur. Na ce yau kam an gama da ni, ga mara lafiya tana jira, ga ɓarawo ya zaɓi ranarsa.

Sai na ji takun Inna a tsakar gida, a hankali, tana jan ƙafa. Ta shigo falon da ba ta taɓa zama a cikinsa ba, rungume da babbar kwallarta. Ta ajiye ta a ƙasa. Babu maiɗakina, babu yara, babu wanda za a aika. Ta juya ta fuskanci bango ta ce, "A gaya wa mai ihun nan ba a sace ba."

Ta ɗaga murfin. Ƙanshin turaren wuta da sandal ya taso. A ciki akwai awarwaronta na azurfa, da carbin mahaifina, da farin yadin da ta ajiye wa ranarta. A tsakiyarsu, naɗe cikin kallabi, ga modem.

Na tsaya baki buɗe, ruwa yana ɗiga daga rigata.

Ta ci gaba da gaya wa bango. "Shi da bakinsa ya ce abu ne mai tsada. An ce an ɗauke na maƙwabciya ta taga. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa. Kowa ya fita ya bar shi a bakin lungu, ni ina can ƙurya, ko an ɗauka ba zan ji ba. Shi ne nake adana masa, in yara sun kusa dawowa in mayar in maƙala igiyar yadda na gani. Nawa dai na bango, ban taɓa shi ba."

Wato kullum, da gwiwoyin nan nata, sai ta tako har falo ta ɗauki modem, ta kai shi ɗakin da babu rezo, ta naɗe, ta sa a kwanon ƙarfe ta rufe, sannan ta zauna da waya a cinya tana jiran ƙanwarta. Ranakun da na zauna a gida kuwa, mai abu yana nan, ba ta da dalilin ɗauka. Na tambayi kowa komai, ban da wannan, kuma ko na so tambaya, ta bakin wa?

Faɗan da na shigo da shi ya bi ruwa. Na durƙusa, ni ma na fuskanci bangon na ce, "A gaya wa Inna, mai ƙaho ba shi da komai nasa. Kamar ladan ne da yake jiyar da sahun baya kabbarar liman. Wannan ƙaramin shi ne liman. In an rufe shi a kwalla, ladan ba shi da abin faɗa."

Na saci kallonta. Can ta ce, ba da bango ba, ba da ni ba, "Ashe ni ce."

Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nata a lokacin ba. Na ce, "A gaya wa Inna ba ita ba ce, wanda bai yi bayani ba ne." Na zare modem daga kallabin na ɗora a taga, na tsaya ina kallon mai ƙaho. Ja, ja, ja. Kore. Na aika wa 'yar Yafendo cewa ta kira yanzu. Inna ta bar kwallarta a buɗe a tsakiyar falo, ta koma ɗaki da saurin da ban san tana da shi ba.

Waya ta yi ƙara. Na tsaya a bakin tsakar gida, ruwa yana dukan kwano, ina jin muryar Inna sama-sama tana Fulatanci, tana lallashi kamar mai yi wa jariri magana. Sai muryar ta yanke. Na ɗaga kai, fitila ta koma ja.

A nan ne na ji sunana. Sunana na yanka, wanda aka raɗa mini, da muryar Inna, da ƙarfi, har sau biyu. "Zo! Ta tafi! Fuskar ta tafi!"

Na yi tsaye kamar an dasa ni. Na haura shekara hamsin, ban san yadda sunan nan yake a bakinta ba sai ranar. Sai da ta sake kira na farga, na ruga falo. Modem ya mutu, batirinsa ya ƙare a cikin kwalla, ni kuma a ruɗe na ɗora shi ban maƙala caja ba. Na soka igiyar, na danna buton nan guda ɗaya, na jira ya farka, na jira mai ƙaho ya gane shi. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san na yi salati iya abin da na sani.

Da fitila ta koma kore, waya ta sake yin ƙara, ni na kai hannu na ja koren da ke kan gilashin, a cikin ɗakin Inna, ina durƙushe kusa da ita. Fuskar Yafendo ta fito, ta rame, baki a karkace, idanu a buɗe. Ta ga yayarta, ta gan ni a gefenta, sai gefen bakin nan mai lafiya ya ɗaga. Inna ta ce, "Ga shi nan, shi ya gyara." Ba ta sake faɗin sunan ba. Na tashi na ba su wuri.

Daga ranar fitila ba ta ƙara yin ja ba. Na sa kafinta ya buga wa tagar raga ta yadda sanda ba za ta shiga ba, Inna ta zo da kanta ta girgiza ta ta gamsu. Kowace safiya da hantsi suna ganin juna, har safiyar da 'yar Yafendo ta kira wayata maimakon ta Inna. Kwanakin ba su da yawa. Nakan lissafa waɗanda kwalla ta cinye, sai in tuna wadda ta rufe ta da dalilin da ya sa, in bar lissafin.

Bayan an share makoki, ina shirin fita kasuwa, na durƙusa a ƙofar Inna na gaishe ta, ta amsa tana kallon butarta kamar kullum. Maiɗakina tana tsakar gida tana ɗaura ɗankwali. Inna ta ce, "'Yar nan, ki ce wa mutumin nan ya ɗauki abinsa na taga ya tafi da shi shago. Na gama da shi."

Na ce to. Ban ɗauka ba. Yana nan a taga, ina zuba masa forfe duk wata, mai ƙaho yana bango da koriyar fitilarsa, wayar kuma tana cikin kwalla.